Tarihin Rubuta Takardar Neman Haƙƙin Ƙirƙira a Amurka: Misali Daga Filogin Harvey Hubbell

1.0 Gabatarwa

Filogi da soket suna cikin ƙananan kayan lantarki da hannu ke taɓawa kullum ba tare da an tsaya an yi tunani a kansu ba. Mai guga ya cusa filogi, in ya gama ya zare. Haka mai fanka da mai rediyo da mai cajin waya. Sai dai kowane irin filogi da ake gani a kasuwa yana da tarihi, kuma babban ɓangare na wannan tarihi a rubuce yake cikin wasu takardu da ake kira takardun haƙƙin ƙirƙira. Takardar haƙƙin ƙirƙira izini ce da hukuma ke bai wa wanda ya ƙago sabon abu, domin ya hana wasu ƙera abin ko sayar da shi ko amfani da shi har na wasu shekaru, bisa sharaɗin ya bayyana wa jama'a yadda ake yin sa.

Manufar wannan takarda ita ce bin tarihin yadda ake rubuta takardar neman wannan haƙƙi a ƙasar Amurka, tare da ɗaukar misali daga filogin da Harvey Hubbell ya nemi haƙƙinsa a shekarar 1903. Abin da tarihin ke nunawa shi ne, doka tana kare abin da kalmomin mai nema suka kewaye ne kawai. Idan gardama ta tashi, alƙali rubutun yake fara dubawa kafin ya dubi ƙarfen da aka ƙera. Saboda haka batun ya shafi ɗalibin harshe kai tsaye, domin fage ne da ƙaramar kalma guda ke iya kawo dukiya ko ta salwantar da ita.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Dokar Amurka ta raba haƙƙin ƙirƙira gida uku. Na farko shi ne na aiki, wato wanda ke kare yadda abu yake aiki ko yadda ake sarrafa shi. Na biyu shi ne na siffa, wanda ke kare kamannin abu da adonsa, kuma an shigo da shi a 1842. Na uku shi ne na sababbin irin tsirrai, wanda ya zo a 1930. Wannan takarda ta keɓanta ga na farko, wanda shi ne mafi yawa.

A nan, kalmar "bayani" na nufin dogon sashen da mai nema ke fayyace abin da ya ƙago da yadda ake haɗa shi. Kalmar "da'awa" kuwa na nufin ƴan jimlolin da ke ƙarshen takarda, inda yake faɗin iyakar abin da yake cewa nasa ne. "Mai tantancewa" shi ne ma'aikacin ofishin haƙƙin ƙirƙira da ke auna takardar da abubuwan da aka riga aka sani. Ana iya kwatanta da'awa da gambar da manoma ke shukawa a kan iyakar gona: abin da ke cikin layin na mai gona ne, abin da ke waje kuwa kowa na iya bi ta kansa.

3.0 Dokokin Farko

Tsarin mulkin Amurka da aka rubuta a 1787 ya bai wa majalisar ƙasa ikon keɓe wa marubuta da masu ƙirƙira haƙƙin ayyukansu na wani ƙayyadadden lokaci. Dokar farko ta fito a ranar 10 ga Afrilu, 1790. A ƙarƙashinta, manyan jami'ai uku ne ke duba kowace takarda, cikinsu har da Thomas Jefferson, wanda a lokacin shi ne sakataren harkokin waje. Wanda ya fara samun haƙƙi shi ne Samuel Hopkins, a ranar 31 ga Yuli, 1790, a kan wata hanya ta sarrafa tokar itace, kuma shugaban ƙasa George Washington ne ya sa hannu da kansa.

Aikin ya yi wa waɗannan jami'ai yawa. Don haka a 1793 aka sauya doka, aka daina tantancewa. Duk wanda ya cika takardu ya biya kuɗi sai a ba shi. Wannan ya haifar da ruɗani, domin mutane da yawa sun riƙe takardu a kan abu guda ko a kan abin da aka daɗe da sani, kotuna kuma suka cika da ƙararraki. A 1836 majalisa ta yi gyara mai girma: ta kafa ofishi na musamman, ta dawo da tantancewa, aka kuma fara bai wa takardu lamba daga 1. A watan Disamba na wannan shekara gobara ta cinye ofishin a birnin Washinton tare da takardu kusan 10,000 na shekarun baya.

4.0 Daga Samfuri Zuwa Kalma

A mafi yawan ƙarni na 19, mai nema yakan kawo ɗan samfurin abin da ya ƙago, wanda bai wuce inci 12 a kowane gefe ba. Mai tantancewa yana iya ɗaukar samfurin a hannu, ya juya shi, ya ga yadda yake motsi. Amma samfuri yana da babbar naƙasa guda: yana nuna abu gaba ɗayansa, ba ya bambanta sabon ɓangare da tsoho. Injin da aka ƙara wa ƙusa guda sabuwa, in an ajiye shi a kan tebur, ba ya faɗin wace ƙusa ce sabuwar.

Dokar 1836 ta bukaci mai nema ya nuna ɓangaren da yake cewa shi ya ƙago. Dokar 1870 ta ƙara tsananta wannan sharaɗi, ta ce dole ya fayyace da'awarsa dalla-dalla. Daga 1880 kuwa ofishin ya daina neman samfuri sai a wasu lokuta ƙalilan. Ta haka nauyin gaba ɗaya ya koma kan rubutu da zane. Kafin ƙarshen ƙarnin an sami lauyoyi da wakilai waɗanda ba su da sana'ar da ta wuce tsara waɗannan takardu. A wani hukunci na 1892, kotun ƙoli ta Amurka ta bayyana cewa takardar haƙƙin ƙirƙira tana cikin takardun shari'a mafi wuyar rubutawa daidai, kuma sau da yawa wanda bai goge ba yakan yi da'awar abin da ya fi ƙirƙirarsa ko abin da bai kai ta ba.

5.0 Haɗarin Da'awa Mai Faɗi

Shari'o'i biyu na fagen lantarki sun koya wa marubutan waɗannan takardu darasi tun kafin Hubbell ya shigo fage. Ta farko ita ce ta Samuel Morse, mai wayar tangarahu. A da'awarsa ta 8, Morse ya nemi mallakar duk wata hanya ta amfani da ƙarfin lantarki wajen rubuta alamomi daga nesa, ko da wane irin inji aka yi. A 1854 kotun ƙoli ta soke wannan da'awa, domin ta haɗa da hanyoyin da Morse bai ƙago ba, bai kuma bayyana ba. Sauran da'awoyinsa da suka tsaya a kan abin da ya yi a zahiri sun tsira.

Ta biyu ta shafi ƙwan fitilar lantarki. William Sawyer da Albon Man sun yi gwaji da takarda da aka mayar gawayi a matsayin lagwanin da ke haskawa cikin ƙwan. Amma da suka zo rubuta da'awa, sai suka faɗaɗa ta, suka ce duk wani abu mai zare-zare ko na saƙa da aka mayar gawayi nasu ne. Kamfanin da ya riƙe takardarsu ya kai ƙarar masu amfani da ƙwan Thomas Edison, wanda lagwaninsa na gora ne. A 1895 kotun ƙoli ta lura cewa Edison da ma'aikatansa sun gwada tsirrai fiye da 6,000 kafin su sami gorar da ta dace, kuma mafi yawansu ba su yi aiki ba. Ke nan, kalmar "mai zare-zare" ta haɗa dubban abubuwa marasa amfani, ba ta koya wa kowa wanda zai zaɓa ba. Aka soke da'awar. Hausawa kan ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Da'awarsu ta takarda, wadda ita ce ainihin abin da suka gwada, ba ta kama Edison ba; mai faɗin kuma ta rushe saboda faɗinta.

6.0 Matsalar da Hubbell Ya Tarar

A ranar 4 ga Satumba, 1882, tashar lantarki ta Edison da ke titin Pearl a birnin New York ta fara bai wa gidaje da ofisoshi wuta. A shekarun da suka biyo baya, gidajen da aka ja wa waya don haske kawai aka ja musu. A ɗakuna da yawa babu wata kafar wuta sai mazaunin ƙwan fitila, wanda ake murɗa ƙwai a ciki. Da fanka da dutsen guga da sauran kayan lantarki suka fara shiga gidaje, sai aka riƙa sa musu wani kai mai murɗi irin na gindin ƙwai. Mai gida ya cire ƙwai, ya murɗa wannan kai a madadinsa. Duk murɗawa tana nannaɗe igiyar wayar, ta sassauta ta, har wani lokaci ta tsinke ko ta yi tartsatsi. In kuma wani ya yi tuntuɓe da igiyar, ba ta zarewa. Sai dai ta fizgo abin da ke sama ko ta kayar da na ƙasa.

Harvey Hubbell maƙerin injuna ne da ya buɗe ƙaramar masana'anta a garin Bridgeport na jihar Connecticut a 1888. A 1896 ya sami haƙƙi a kan mazaunin ƙwai mai ƴar sarƙa da ake ja a kunna ko a kashe. A ranar 26 ga Fabrairu, 1903, ya shigar da takardu biyu a kan filogi mai rabuwa. Dabarar ita ce raba kan gida biyu: ɓangare guda a murɗa shi cikin mazaunin ƙwai sau ɗaya ya zauna, ɗaya ɓangaren kuma, wanda ke haɗe da igiya, yana da ƙafafu biyu da ake cusawa a zare ba tare da murɗi ba. Ƙafafun na farko masu zagaye ne, da ɗan tsagi kusa da bakinsu wanda sifirin ke kamawa don kada su suɓuce. An ba shi haƙƙi mai lamba 774,250 a ranar 8 ga Nuwamba, 1904, sannan mai lamba 776,326 a ƙarshen wannan wata, a kan mahaɗin da ke ɗaukar filogi fiye da ɗaya.

7.0 Yadda Aka Tsara Takardar

Takardun wancan zamani suna buɗewa da wata gaisuwa tsayayya, kamar yadda wasiƙun sarakuna ke da tasu mabuɗin. Mai nema yana yi wa duk wanda abin ya shafa sanarwa, ya faɗi sunansa da ƙasarsa da garinsu, ya ce ya ƙago abu sabo mai amfani. Daga nan sai manufa. A takardarsa, Hubbell ya ce yana son filogi mai arahar ƙerawa, wanda ba ya tartsatsi yayin haɗawa, ta yadda mutumin da ba shi da ilimin lantarki ko ƙwarewar riƙe kayan aiki zai iya haɗa fitila ko fanka ko abin dumama da kansa. Wannan sashe yana da muhimmanci, domin yana gaya wa mai tantancewa wace matsala aka zo warwarewa.

Bayan manufa sai bayanin zane-zane, sannan cikakken bayani. Kowane ɓangare na abin yana da lamba a zane, kuma duk inda aka ambace shi a rubutu da wannan lamba ake ambatonsa. Ma'aunin da doka ta gindaya shi ne, ma'aikacin da ya san sana'ar ya iya ƙera abin daga bayanin kaɗai, ba tare da ya shiga dogon gwaje-gwaje ba. Wannan shi ne abin da jama'a ke samu a madadin shekarun da aka hana su. A ƙarshe sai da'awoyi, sa hannun mai nema, da na shaidu biyu.

Zane shi ma sana'a ce mai zaman kanta, kuma ɗaya daga cikin fitattun masu yin ta shi ne Lewis Latimer, baƙar fata, ɗan iyayen da suka gudu daga bauta. An haife shi a 1848. Ya koyi zane a wani ofishin lauyoyin haƙƙin ƙirƙira a Boston, kuma shi ya zana hotunan takardar tarho ta Alexander Graham Bell, wadda aka shigar a ranar 14 ga Fabrairu, 1876. Bayan haka ya koma Bridgeport, garin da Hubbell zai buɗe masana'antarsa daga baya, ya yi aiki da kamfanin fitilu na Hiram Maxim. Daga 1884 ya shiga aiki da ɓangaren Edison, inda ya riƙa zane da ba da shaidar ƙwararru a shari'o'in haƙƙin ƙirƙira. Ya rasu a 1928.

8.0 Harshen Da'awa

A nan ne aikin ɗalibin harshe ya fi fitowa fili. Bisa ƙa'idar ofishin Amurka, kowace da'awa jimla ɗaya ce tak, ko da za ta cika rabin shafi. Tana da sassa uku: gabatarwa mai faɗin irin abin, kalmar haɗi, sannan jerin ɓangarori da yadda suke danganta da juna. Ga misali da aka tsara da Hausa domin nazari:

"Mahaɗin lantarki mai rabuwa, wanda ya ƙunshi wani gindi na abin da wuta ba ta ratsawa, mai wasu ramuka biyu, da wasu ƙarafa biyu masu ɗaukar wuta a ɓoye cikin ramukan, da wani murfi mai wasu ƙafafu biyu waɗanda ke shiga ramukan su taɓa ƙarafan."

Abu na farko da za a lura da shi shi ne, duk kalmar da aka ƙara tana rage faɗin gonar. Da an ce "gindi na tangaran", to mai yin nasa da roba ya fita daga layi. Da an ce "ƙafafu masu zagaye", to mai yin nasa da ƙafafu masu faɗi ya tsira. Amma da an cire kalmomi da yawa har aka ce "duk abin da ke haɗa waya da waya", to an faɗa ramin da Morse da Sawyer suka faɗa, domin hakan ya haɗa da abin da aka riga aka sani. Gwanintar marubuci ita ce ya tsaya tsakanin waɗannan ramuka biyu. Shi ya sa ake jera da'awoyi daga mai faɗi zuwa masu ƙunci: ta farko ta tsaya da kanta, na bayanta su jingina da ita suna ƙara sharaɗi ɗaya-ɗaya. In kotu ta rushe ta farko, wata daga cikin na baya tana iya tsayawa.

Abu na biyu shi ne kalmar haɗi. A Ingilishin waɗannan takardu akwai kalma mai ma'anar "ya ƙunshi", wadda ke barin ƙofa a buɗe: wanda ya kwaikwayi ɓangarorin uku ya ƙara na huɗu, har yanzu yana cikin gonar. Akwai kuma wata mai ma'anar "ya taƙaita ga", wadda ke rufe ƙofa: ƙarin ɓangare guda yana fitar da mutum.

Abu na uku ya yi kama da wata ƙa'ida ta nahawun Hausa. A misalin da ke sama, an fara cewa "wasu ramuka" da mafayyaci, daga baya aka ce "ramukan" da madanganci. Haka ƙa'idar ofishin take: ba a ambaton abu a matsayin sananne sai an riga an gabatar da shi a matsayin baƙo. Idan da'awa ta ce "sifirin ɗin" alhali ba a taɓa ambaton wani sifirin ba, mai tantancewa yana iya mayar da ita saboda rashin fayyacewa. Har ila yau, ba a sauya suna don ƙawata zance. Abin da aka kira "ƙafa" a layin farko ba ya zama "tsinke" a layi na uku, domin mai karatu zai ɗauka abubuwa biyu ne.

Wata shari'a ta 2004 ta nuna nauyin ƙaramar kalma. Wani kamfanin abinci mai suna Chef America ya rubuta a da'awarsa cewa a dumama kwaɓin fulawa har ya kai zafin digiri 400 zuwa 850 a ma'aunin Farenhait. Abin da ake nufi shi ne zafin tanderu, domin kwaɓin da ya kai wannan zafi gawayi zai zama. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce aikinta karanta abin da aka rubuta ne, ba za ta sake rubuta wa kowa da'awarsa ba. Kamfanin ya faɗi a shari'ar. Magana zarar bunu ce, kuma dokar haƙƙin ƙirƙira ta ƙarfafa wannan: bayan an shigar da takarda, ana iya gyara da'awa a cikin iyakar abin da bayani ya ƙunsa, amma ba a ƙara sabon abu a cikin bayanin.

9.0 Sauye-sauyen Filogin da Shari'ar 1919

Tarihin filogin Hubbell ya nuna wannan ƙa'ida a aikace. Kafin ma a ba shi haƙƙin farko, ya sauya ƙafafun daga masu zagaye zuwa masu faɗi, jere a layi ɗaya. Wannan sabon fasali ya bukaci sabuwar takarda, wadda ya shigar a ranar 27 ga Mayu, 1904, aka ba ta lamba 774,251. A 1912 ya sake juya ƙafafun suka fuskanci juna, ya kuma sake nema, aka ba shi lamba 1,064,833 a 1913. A 1915 George Knapp ya shigar da takarda a madadin kamfanin a kan filogi mai ƙafa uku, aka ba da haƙƙin a 1916. Kowane mataki da takardarsa, kowace takarda da iyakarta.

A waɗannan shekaru kamfanoni da yawa suna ƙera nasu filogi da soket, kuma na wannan ba ya shiga na wancan. Mai saye ne ke shan wahala. Daga baya wasu manyan kamfanoni, cikinsu har da General Electric, suka daidaita a kan ƙera kayan da girman ƙafafunsu da tazararsu suka yi daidai da na Hubbell, don kowane filogi ya shiga kowace soket. Kamfanin Hubbell ya je kotu yana neman a hana su, amma a 1919 kotu ta ƙi amincewa. Shaidun da aka gabatar sun nuna cewa mahaɗi mai rabuwa ya wanzu fiye da shekara goma kafin takardar 1904; a Ingila ma tun cikin shekarun 1880 ana sayar da filogi mai ƙafa biyu. Ke nan, ainihin tunanin raba mahaɗi gida biyu ba zai zama na Hubbell ba. Abin da zai iya riƙewa shi ne irin tsarin da ya haɗa ɓangarorin. Girma da tazara kuwa, a dokar haƙƙin ƙirƙira, sauya su kaɗai ba ƙirƙira ba ce.

A lokacin, haƙƙi yana ɗaukar shekara 17 daga ranar bayarwa. Don haka na 1904 ya ƙare a 1921, na 1913 kuma a 1930, shekara uku bayan rasuwar Hubbell a 1927. Fasalin ƙafafu biyu masu faɗi da ke fuskantar juna ya zama ma'aunin ƙasa, kuma shi ake amfani da shi a Amurka da Kanada da Meziko da Jafan.

10.0 Abin da Ya Sauya Daga Baya

Ginshiƙan takardar, wato bayani da zane da da'awa, suna nan yadda Hubbell ya san su, amma ƙa'idoji da dama sun sauya. Daga 8 ga Yuni, 1995, wa'adin ya koma shekara 20 daga ranar shigarwa. A wannan shekara aka shigo da takardar wucin gadi, wadda ke kama wa mai nema rana har wata 12 kafin ya kawo cikakkiya. Daga shekarar 2000 ana buga mafi yawan takardu ga jama'a bayan wata 18. Daga 16 ga Maris, 2013 kuwa, in masu ƙirƙira biyu suka yi karo a kan abu guda, wanda ya riga shigarwa ne ke da rinjaye. A da ana duba wanda ya riga ƙagowa. A zamanin Hubbell, mai ƙirƙira yana da shekara biyu bayan ya fara sayar da abu kafin ƙofar nema ta rufe; tun 1939 doka ta rage wannan zuwa shekara ɗaya.

Wani abin lura shi ne, haƙƙin ƙirƙira ba ya tsallake iyakar ƙasar da ta ba da shi. Takardar Hubbell ba ta da ƙarfi a Turai, kuma ƙasashen Turai sun bi nasu hanyoyi. Ingila ta fito da filoginta mai ƙafa uku masu kusurwa a 1947, Faransa da maƙwabtanta suka tsaya a kan ƙafafu masu zagaye. Wannan bambanci ya biyo hanyar mulkin mallaka da kasuwanci zuwa Afirka, shi ya sa filogin da aka saya a Maraɗi ba lalle ne ya shiga soket a Katsina ba. Hanyar neman haƙƙi ma ta rabu haka. Nijar da Kamaru da Cadi suna cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OAPI, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, mai hedkwata a Yawunde, inda takarda ɗaya ke aiki a duk ƙasashen. Gana da Sudan suna cikin ARIPO mai hedkwata a Harare. Nijeriya kuwa tana bin dokarta ta 1970. A duk waɗannan wurare, takardar nema tana ɗauke da bayani da da'awa, kamar dai ta Amurka.

11.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa tarihin takardar neman haƙƙin ƙirƙira tarihi ne na yadda kalma ta karɓi matsayin samfuri. A 1790 manyan jami'ai uku ne ke duba takarda. Daga 1880 sai ya zamana rubutu da zane ne kaɗai ke wakiltar mai ƙirƙira a gaban mai tantancewa da alƙali. Morse da Sawyer da Man sun yi da'awar fiye da abin da suka bayyana, suka rasa. Hubbell ya bi ƙirƙirarsa mataki-mataki da takardu daban-daban, ya sami kariya ta shekarun da doka ta ƙayyade, amma bai iya riƙe girman ƙafafun filoginsa ba, domin wannan yana wajen abin da doka ke bari a kewaye. Ga ɗalibin harshe, waɗannan takardu fage ne na nazarin ma'ana da ginin jimla da fassara, inda zaɓin mafayyaci ko madanganci, ko bambancin "ya ƙunshi" da "ya taƙaita ga", ke yanke wa mutum iyakar abin da ya mallaka.